Neman shawara: haɗin bekin soda da ruwan khal yana wanke tukunya kuwa?

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim, sana'ata cincin da kek. Ruwan burtsatsenmu yana barin wani farin abu kamar alli a cikin butar shayi, ga tukwanena na alminiyam duk cikinsu ya kama. Ana ta yawo da bidiyo a WhatsApp wai in aka haɗa bekin soda da ruwan khal babu dattin da zai gagara. Na ba da sautu aka sayo min khal, na haɗa, ya yi kumfa har ya zubo ƙasa, amma da na ɗauraye farin nan yana nan daram. Sodar ce jabu? Kuma zan iya haɗa mai yawa in ajiye a gora? Abin da ya fi damuna, surukata ta ce a riƙa haɗa mata tana sha saboda ƙwarnafi. Don Allah masu sani ku taimaka.

Malamin kimiyya, Kazaure: Wa alaikumus salam Maman Abba. Sodarki lafiyarta ƙalau, da jabu ce ko ta lalace da ba za ta yi wannan kumfar ba. Matsalar tana wajen haɗin. Khal ruwan tsami ne, tsamin da ke cikin na girki bai wuce wajen kashi 5 cikin 100 ba, sauran duk ruwa ne. Soda kuwa aikinta kashe tsami. Da sun haɗu sai kowa ya cinye ƙarfin ɗan uwansa, abu uku su fito: ruwa, da wani irin gishiri mara kaifi, da iskar kabon dayoksaid, irin wadda ke tashi in an buɗe lemon kwalba. Kumfar da kika gani iskar ce ke fita. Tana burge ido, tana iya ɗaga ɗan tarkacen da bai kama ba, amma idan ta kwanta abin da ya rage miki kusan ruwan gishiri ne.

Farin da ke butarki ma'adinin ƙasa ne da ruwan ya kwaso, dangin alli da farar ƙasa, yana taruwa duk lokacin da aka tafasa. Tsami ne ke narkar da shi, ke kuma sodar ta riga ta kashe tsamin kafin ya taɓa butar. Ki zuba khal da ruwa rabi da rabi, ki tafasa, ki bar shi kamar awa guda, sannan ki ɗauraye sosai. Ko ƙwayar soda kar ta shiga.

Batun gora kuwa, ina roƙonki kar ki yi. Ƙaramin cokali ɗaya na soda, idan ya samu khal kamar babban cokali 5, iskar da zai fitar ta haura lita guda. A rufaffiyar gora ba ta da hanya, ko murfi ya yi tsalle ko gorar ta fashe, ga yara a tsakar gida.

Hajiya Inna: 'Yata, ai abin nan da Malam ya faɗa mun daɗe muna yinsa a madafa. In yakuwa ta yi wa miya tsami, me ake sawa? Ruwan kanwa. Kina zubawa za ki ga ta taso da kumfa, tsamin ya kwanta. To wa ya taɓa kwashe wannan kumfar ya ce zai yi wanke-wanke da ita? Tukunyar da ta kama ki jiƙa ta da ruwan zafi tun dare, da safe ki samu toka da soson ƙarfe ki dirje.

Malamin kimiyya, Kazaure: Gaskiyarki Hajiya. Ita kanwa ma akwai sinadarin sodar a cikinta, shi ya sa halinsu ya zo ɗaya. Abu guda zan ƙara: alminiyam ba ya shiri da soda ko kanwa idan suka daɗe a ciki, tukunyar dushewa take yi ta yi baƙi. A kwanon tangaran ko na ƙarfe mara tsatsa ne za ki dama soda da ɗan ruwa ta yi kauri ki goge, tana cire maiƙo da ƙarni.

Anti Nas, Gumel: Ni maganar Inna surukarki ce ta tsayar da ni. Gaskiya ne soda kaɗan a ruwa tana kwantar da ƙwarnafi na ɗan lokaci, amma cike take da sodiyom, abin nan na cikin gishiri da muke hana masu hawan jini da ciwon ƙoda da na zuciya. Dattijuwa kuma tana iya samun hawan jini ba ta sani ba. Haɗawa da khal ba ya ƙara mata amfanin komai, sai kumburin ciki da gyatsa. Ƙwarnafin da ya ƙi tafiya yana iya zama gyambon ciki. Ki lallaɓa ta, ki sa maigida ya kai ta asibiti mafi kusa a gwada jininta a duba cikin. In kuma akwai amai da jini ko baƙin bayan gida, ranar za a tafi.

Ɗan autan Gujungu: Maman Abba, tunda khal ya shigo gidan, kar a kuskura ya haɗu da Hypo ko kowane ruwan bilic. Wannan haɗin iskar kulorin yake fitarwa, guba ce, tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu, musamman a banɗaki mara taga.

Maman Ilham: 'Yar uwa, inda haɗin nan yake da rana shi ne cikin kek ɗinki. Iskar nan ita ke kumbura ƙullu. Bekin foda an riga an haɗa mata tsaminta, ita kuwa soda sai kin kawo mata: kindirmo, ko lemon tsami, ko ɗan khal. Kina kwaɓawa ki gasa, in ya zauna iskar ta gudu. Kar kuma ki cika hannu, kek ɗin zai yi ɗanɗanon sabulu.

Maman Abba: Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Inna zan sa a kai ta ranar kasuwa in sha Allah. Malam, khal yana mana wuyar samu a nan, lemon tsami zai yi wa butar?

Malamin kimiyya, Kazaure: Zai yi sosai, har jiƙaƙƙiyar tsamiya ma. Ki matse lemon kamar 4 a ruwan da zai rufe farin, ki tafasa. In ya yi kauri ki maimaita washegari.