Dan Allah ku taimaka, ina oksijin yake a zagayen Krebs?

Salam 'yan uwa. Wallahi sati biyu ke nan ina fama da zagayen Krebs, wato matakan da ƙwayar halitta ke bi wajen fitar da kuzari daga abinci, ga jarrabawa ta matso. Na haddace jerin tun daga sitiret har okzalo'asetet, na zana shi a takarda sau ba adadi, amma ana juya tambaya kaɗan sai kaina ya ɗaure. Abin da ya fi damuna, an ce wannan numfashi ne mai buƙatar oksijin, to ni na bi matakan nan 8 ɗaya bayan ɗaya da yatsa ban ga inda oksijin ya shiga ba. Haddar zan ci gaba da ita ko akwai wata hanya?

Wani ɗan ajin ƙarshe: Ƙanwata ajiye sunayen tukuna, ki ƙirga kabon kawai. Gulukos kabon 6 ne, a wajen maitokondiriya (sashen ƙwayar halitta mai samar da kuzari) ake raba shi gida biyu ya zama fayirubet mai 3. Fayirubet ya shiga ciki ya zubar da 1, saura 2, shi ne asetil-CoA. Wannan 2 ya haɗu da okzalo'asetet mai 4, ga sitiret mai 6. Sai 6 ya koma 5, 5 ya koma 4, duk saukowa CO2 ɗaya ya fita, daga nan gyara mai 4 ɗin ake ta yi har ya dawo yadda aka faro. Ni a gefen kowane suna nake rubuta lambar da jan biro.

Wata malamar bayoloji: 'Yata tambayarki ta yi min daɗi sosai, kuma idonki bai yaudare ki ba, oksijin ba ya shiga zagayen kai tsaye. Ki ɗauki NAD+ da FAD, sinadarai masu ɗaukar elektiron, kamar motocin dako da suka zo babu kaya, in an loda su sai su zama NADH da FADH2. Kowane zagaye ɗaya yana loda NADH 3 da FADH2 1, sannan GTP 1 tak, wanda daidai yake da ATP 1, sinadarin da ƙwayar halitta ke amfani da shi a matsayin kuzari, kin ga ATP ɗin da zagayen ke bayarwa da kansa ba shi da yawa, lodin nan shi ne ainihin aikinsa. Motocin sai su kai elektiron ga jerin furotin da ke jikin fatar ciki ta maitokondiriya, su sauke, su dawo a sake loda su. A can ƙarshen layin oksijin yake tsaye yana karɓar elektiron, ya haɗu da haidirojin ya zama ruwa. To in babu shi wa zai karɓa? Layi ya cushe, motoci sun tsaya da kaya a kansu, NAD+ ya ƙare, zagayen ya tsaya cak ko da asetil-CoA na nan jibge. Shi ya sa gubar sayanaid take kisa da sauri, tana toshe tasha ta 4 a layin, ga oksijin a jini amma ƙwayar halitta ba za ta iya amfani da shi ba.

Wani memba: Kar ki manta sau 2 yake juyawa a kan gulukos ɗaya, nan mutane ke zubar da maki. Hans Krebs ma da ya gano shi a 1937 a jami'ar Shafild ta Ingila, da niƙaƙƙiyar tsokar ƙirjin tantabara ya yi aikin, yana auna yawan oksijin da take sha. A 1953 aka ba shi kyautar Nobel.

Mai tambaya: Kai Malama Allah Ya saka da alheri, yanzu na gane! Saura ɗaya, a kan gulukos ɗaya wani littafin ya ce ATP 38, wani ya ce 30 zuwa 32, wanne zan rubuta?

Malamar bayoloji: 38 tsohon lissafi ne, da ake ba kowane NADH ATP 3, FADH2 kuma 2. Awon baya-bayan nan ya nuna kusan 2.5 ne da 1.5, shi ya sauko da jimlar. Ki duba wanda malaminku ya koyar ki rubuta shi, amma ki nuna lissafin a fili. Yau da dare ki rufe littafi ki zana zagayen, ki sa alama a wurare 3 da NADH ke fita, ki turo mu duba miki.