Da gangan suke rage mana gudun intanet da dare?

Baban Ummi: Jama'a, ku da kuka daɗe a nan Ingila ku gaya mini gaskiya. Da zarar ƙarfe takwas na dare ta yi, intanet ɗin gidana sai ya soma jan ƙafa. Wallahi kamfanin ne ke shaƙe layin don a tilasta mu sayi na faiba.

Injiniya: Yaya, a yi haƙuri, ba lallai haka ba ne. In kana kan ADSL ne, wato intanet ta layin tarho, wayar tagullar da ta taso daga gidanka, ta ratsa koren akwatin nan na bakin titi har zuwa cibiyar tarho ta yankinku, taka ce kai kaɗai. Daga can gaba ake cuɗuwa, hanya ɗaya ke kwashe duk unguwa. A farkon ADSL, kamfanin tarho na BT na sayar wa gidaje layin da mutum 50 ke rabawa, ma'aikatu kuma 20. Lissafinsu, ba kowa zai hau lokaci guda ba. Da dare kuwa kowa na gida, yara na YouTube, manya na kallon ƙwallo.

Baban Ummi: To ai shi ne maganata! Ka sayar wa mutum hamsin kujera ɗaya a mota, sannan ka ce laifin fasinja ne?

Maman Halima: Ni fa nawa safe da dare ɗaya ne, bai taɓa wuce mega 3 ba.

Injiniya: Naki nisa ne, Hajiya. ADSL2+ na kaiwa mega 24 a takarda, amma wayar na tsawo sigina na raunana.

Malam Audu: Injiniya, kana wanke su da yawa. Shaƙewar gangan ta faru. A Amurka an kama kamfanin intanet na Comcast a 2007 yana daƙile BitTorrent, wata hanyar musayar manyan fayil, har hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta same shi da laifi a 2008. Nan ma kamfanoni sun riƙa rubutawa a cikin yarjejeniya cewa za su rage wa masu sauke manyan fayil gudu a lokacin cunkoso, wa ke karantawa? Kuma sai a 2018 aka tilasta musu su tallata matsakaicin gudun da ake samu tsakanin 8 da 10 na dare.

Injiniya: Comcast ai kebul ne, ba layin tarho ba. Yaya, jona kwamfuta da na'urar intanet ɗin gidanka ta igiyar waya, ka bar Wi-Fi, ka auna da asuba da kuma dare. In ya gaza gudun da suka lamunce maka kuma ba su gyara cikin kwana 30 ba, ƙa'idar Ofcom, hukumar sadarwa ta nan ƙasar, ta ba ka damar ficewa ba tara, muddin kamfaninka ya sa hannu a kanta.

Baban Ummi: Zan auna. Amma mutum hamsin ɗin nan fa ba ka amsa mini ba.