Wa Zai Hau Kujerar Hukuma? Musayar Baitoci daga Ƙasar Kabi

Masuncin Argungu:

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Shi ya hore wa ɗan Adam furuci.

A 2022 aka ce da firamare,
A koyar da harshen uwa don inganci.

A Nuwamban 2025 ministan ilimi Alausa ya soke,
Ya ce kowane aji sai da Turanci.

Wasu ma na so a ƙara ɗaure shi,
Doka ta ce shi kaɗai ke da hukunci.

Na raka maƙwabcina gaban kotu,
Kan fadamar shinkafa an masa ha'inci.

Lauyoyi na ta zuba a junansu,
Shi ko ya yi zuru, ido cike da takaici.

Tafinta ya dunƙule dogon jawabi,
Ya yi shi guntu, wai saboda lokaci.

Sai a bakin ƙofa ya riƙo rigata:
"An kayar da ni ne, ko kuwa ni na ci?"

In mai ƙara bai ji shari'arsa ba,
Ku nuna mini inda aka aje adalci.

Malamin Jega:

Baba masunci, Allah ya ja kwana,
Labarin maƙwabcinka akwai ɗaci.

Amma ni alli ke hannuna kullum,
Na san inda yaranmu ke shan ƙunci.

Yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyya,
Jami'a ta ƙi shi don ya faɗi Turanci.

WAEC da JAMB ba sa tambaya da Hausa,
Haka takardar mai son zama ma'aikaci.

Masu hali sun kai nasu makarantar kuɗi,
Tun suna rarrafe suke lanƙwasa furuci.

In muka hana wa ɗan talaka shi,
Mu muka ɗaure shi a turken talauci.

Ƙasa mai harsuna sun haura 500,
Da me za mu yi da ɗan Kalaba zumunci?

Amurka ma, a watan Maris na 2025,
Trump ya sa hannu ya ba Turanci shugabanci.

Ɗan Kamba:

Malam, bar Amurka, ta yi mana nisa,
Can a gida yake, ba ya baƙunci.

Zo nan Kamba ka leƙa ƙetaren iyaka,
Nijar ta tuɓe rawanin Faransanci.

A 2025 ta ce Hausa ce ta ƙasa,
Shi ya koma na aiki, shi da Turanci.

Ranar kasuwa ka zo ka kasa kunne,
Zabarmanci da Dandanci ke fatauci.

Abdullahin Gwandu da alƙalansa,
Sun riƙe ƙasa da tawada da Larabci.

Nana Asma'u ta karantar da mata,
Da baitocin Hausa da na Fulatanci.

Kafin Lugga ya shigo Sakkwato a 1903,
Muna da alƙalami, ba mu cikin jahilci.

Ɗiyar Zuru:

Ku gafarce ni, iyayena da yayyena, na daɗe ina saurare.

Kun yi ta jan zance ku uku tun ɗazu,
Ba wanda ya tuna da mai jin Dakarci.

Ni C'lela, wato Dakarci, na sha a nonon uwata,
Hausa na tsinta a wajen kasuwanci.

Yau in kaka ta kira jikokinta,
Da Hausa suke amsa mata gun cin abinci.

Ba Bature ne ya cinye mana harshe ba,
Hausa ce ta ci, kuma har yau tana ci.

Ku je Yawuri ku tambayi Gungawa,
Ku tambayi tsofaffi masu Kambarci.

Turanci bai da dangi a cikinmu,
Kowa koyo yake, ba a nuna bambanci.

In za ku sauke shi ku ɗora Hausa,
Ku faɗa mini wa zai kare mini 'yanci.

Masuncin Argungu:

Ɗiyata, kukanki irin nawa ne,
Ba na son Hausa ta yi miki zalunci.

Tsarin mulkin 1999, sashe na 97,
Ya ce majalisar jiha ta yi da Turanci,

Amma da ƙuduri tana iya ƙarawa,
Ko Hausa, ko Fulatanci, ko Dakarci.

Malam, ban ce a daina koyar da Turanci ba,
A koyar da kyau, darasi ne mai muhimmanci.

Amma a kotu da ɗakin likita,
A yi wa mutum da nasa, shi ne mutunci.

Malamin Jega:

Kotu da asibiti, Baba, na bar maka,
A aji kuwa ban sauka ba, ka yi sassauci.

Ina littafin kimiyya da C'lela?
Ina malamin da aka horar, ina marubuci?

Wa zai buga, wa zai biya kuɗin bugu,
Alhali rabin ajina a ƙasa, ba benci?

Ku kawo mini su, gobe in sauya,
Kafin nan allona yana nan da Turanci.