Wasa ya ƙi tashi, wai babu d3dx9_43.dll

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na saka wani tsohon wasa a Windows 10 mai 64-bit, ina danna shi sai ya ce babu d3dx9_43.dll. Na sauko da fayil ɗin daga wani shafi na jefa shi cikin foldar wasan, yanzu kuma 0xc000007b yake nuna min. Ina mafita?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, fara goge wanda ka jefa ɗin. Windows na duba foldar wasa kafin ko'ina, to idan wasan 32-bit ne kai kuma ka ba shi na 64-bit, wannan lambar za ta fito. Balle ma shafukan da ke raba irin waɗannan fayilolin DLL ɗaiɗai ba abin yarda ba ne, wasu da ƙwayar cuta suke zuwa.

Fayil ɗin na DirectX 9 ne, wato manhajar Microsoft da wasanni ke dogara da ita wajen nuna hoto da fitar da sauti. Windows 10 na zuwa da DirectX 12, amma ba ta ɗauke da waɗannan tsofaffin. Sauko da DirectX End-User Runtimes na watan Yunin 2010 daga Microsoft, ka warware shi a wata folda, sannan ka kunna DXSETUP.exe. Nan mutane ke kuskure, su warware su tsaya, su ɗauka sun gama. Shi ne kuma maganin xinput1_3.dll.

Amsa ta biyu:
Haka ne. Kada ka yi mamaki in wasan ya sake neman wani fayil ɗin DLL. Lambar sunan ce ke faɗa maka wane Visual C++ Redistributable (kunshin fayilolin Microsoft da manhajoji ke buƙata don su tashi) ake buƙata: MSVCR100 na 2010 ne, 110 na 2012, 120 na 2013, MSVCP140 da VCRUNTIME140 kuwa na 2015 zuwa 2022. Sabo ba ya maye gurbin na 2010 ko 2013. Kuma ka saka x86 (na 32-bit) da x64 (na 64-bit) duka biyun, domin wasan ake dubawa, ba kwamfutar ba.

Amsa ta uku:
Idan steam_api.dll ne ya ɓace, yawanci manhajar tsaro ce ta killace shi; duba Protection history a Windows Security. A Steam, manhajar sayen wasanni da kunna su, kuma shiga Properties na wasan ka danna Verify integrity of game files, zai dawo da abin da ya rasa. Umarnin sfc /scannow fayilolin Windows kaɗai yake gyarawa, ba zai taɓa kawo maka d3dx9 ba.

Mai tambaya:
DXSETUP ɗin ya yi aiki, wasa ya tashi. Allah ya saka da alheri.