Muhawara: nauyi ne ko shekaru ke nuna macen ƙaramar mesa ta isa barbara?

Mai kiwo daga Agege: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Raina a ɓace yake, shi ya sa na kawo maganar nan zaure. Ina da macen ƙaramar mesa, irin wadda ke dunƙulewa ta ɓoye kanta a tsakiya idan ta tsorata. Watanta 19 da ƙyanƙyasa, kuma sikeli ya nuna giram 1,620. Na je wurin wani mai kiwo, wanda ba zan kama sunansa ba, na nemi aron namijinsa bisa sharaɗin mu raba 'ya'yan, sai ya dube ta ya ce yarinya ce, in je in ƙara jiran shekara guda. Duk wanda ke wannan harka ya san ƙa'idar giram 1,500, wato ba a haɗa mace da namiji sai ta kai wannan nauyi, kuma tawa ta wuce ta. Ni dai matsayina shi ne nauyi kaɗai ke nuna mace ta isa, shekaru ba su da wani tasiri. Tawa ƙosasshiya ce, duk kwana biyar nake ba ta babban ɓera, ba ta taɓa ƙi ba.

Dattijo daga Idi-Araba: Wa alaikumus salam, ɗana. Kalmar nan da ka faɗa, ƙosasshiya, ita ce ta tona komai. Mesar da ta kai giram 1,620 a wata 19 ɗura aka yi mata, kuma abin da ke jikinta kitse ne. Je ka Alaba Rago ka tambayi masu tumaki, za su gaya maka ragon da aka turke don layya daban, tunkiyar da ake so ta haihu daban. Mutumin da ya hana ka namijinsa ya kyauta maka.

Abokin mai ƙorafi, daga Mile 12: Baba, da girmanka, ba ka ga macijiyar ba, ni kuwa na gan ta da idona. Yaya za a ce ƙoshi laifi ne? Ashe so ake a bar dabba da yunwa sannan a ce an iya kiwo? Ƙosasshiya na nufin mai lafiya, wadda ba ta rame ba.

Dattijo daga Idi-Araba: Ƙosasshiya na nufin wadda aka cika wa ciki. Mai lafiya kuma ana ce mata mai lafiya.

Hajiya mai kiwo daga Ikorodu: Ina ganin akwai hanyar raba wannan gardama ba tare da musu kan ma'ana ba, domin jikin macijiya yana nuna bambancin. Wadda ke da tsoka, idan aka dube ta daga gaba, bayanta yana da ɗan tudu a kan ƙashin baya, gefunanta suna gangarowa a hankali, kuma idan ta naɗe hannun mutum zai ji ƙarfin riƙonta. Mai kitse kuwa ta zama mulmulalla kamar bututu, wani lokaci har ƙashin bayan ya lotsa ciki, fatar da ke tsakanin ɓawon jikinta tana bayyana ko da ba ta ci komai ba, kuma dab da gindin wutsiya jikin yana kumbura sannan ya tsuke farat ɗaya. Ƙanena na Agege, ka turo hotonta daga sama da kuma daga gefe, kowa ya gani.

Mai kiwo daga Agege: Hajiya, ba hoto na zo nunawa ba. Na kawo lamba daga sikeli, kuma sikeli ba ya son kai. Tun da na ce ƙosasshiya kowa ya bar maganar nauyi ya koma kan kalma guda.

Likitan dabbobi daga Obalende: Malam, sikeli yana auna kitse da tsoka da ɓeran da ke ciki da kashin da bai fita ba, duk a haɗe, saboda haka tambayar farko ita ce yaushe ka auna ta. Idan kwana biyu bayan ta ci ne, lambar ta zarce gaskiya. Game da ƙa'idar giram 1,500 kuwa, masu kiwo a Amurka da Turai ne suka yaɗa ta, kuma yawancinsu suna haɗa ta da sharaɗi na biyu, wato mace ta kai wajen shekara uku. Dalilin lambar lissafi ne mai sauƙi. Mace takan saka ƙwai huɗu zuwa takwas, shida ne aka fi gani, kowanne yana iya kai giram 90 ko 100, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta ke fita a rana guda. Ga shi takan daina cin abinci makonni kafin ta saka, idan kuma an bar mata ƙwan ta kwanta a kai, za ta shafe kwana 55 zuwa 60 a naɗe da shi, galibi ba ci. Wadda jikinta bai gama tsayi da faɗi ba tana cikin haɗarin ƙwai ya maƙale mata, abin da ke iya kai wa ga tiyata ko mutuwa, kuma mai kitse da yawa an san ta da zubar da ƙwai marasa ɗa, ƙanana masu ruwan ɗorawa. Duk da haka ba zan ce shekara uku doka ce ba. Akwai matan da ke saka lafiyayyen ƙwai a shekara biyu da rabi, akwai kuma waɗanda sai sun kai huɗu ko biyar.

Abokin mai ƙorafi, daga Mile 12: To kun ji, likita ya ce shekara uku ba doka ba ce. Magana ta ƙare.

Likitan dabbobi daga Obalende: Ban ce wata 19 ya isa ba, ɗan'uwa. Ka karanta abin da na rubuta gaba ɗaya.

Dattijo daga Idi-Araba: Ni abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗauko ƙa'ida daga Amurka kan dabbar da asalinta nan ne. Wannan mesa 'yar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce, kuma mafi yawan waɗanda aka kai ƙasashen waje daga Gana da Togo da Jamhuriyar Benin aka fitar da su. Na yi mu'amala da mafarauta ta wajen Kwatano, babu mai sikeli a cikinsu, amma idan suka haƙa ramin gafiya ko tsohon suri suka ciro mace, da hannu suke shafa cikinta su san tana ɗauke da ƙwai. A daji barbara na zuwa ne bayan damina ta ja baya, a saka ƙwai cikin rani wajen Fabrairu zuwa Afrilu, 'ya'ya su fito da farkon ruwa. Macen daji ba ta samun ɓera duk kwana biyar, shi ya sa ba a samun irin wannan ƙosasshiyar a can.

Hajiya mai kiwo daga Ikorodu: Baba, a nan ba na tare da kai. Mafarautan da kake yabo su ne ke kwashe mata masu ciki da ƙwansu, a ƙyanƙyashe a gona, a sayar da 'ya'yan waje da dubbai. Mesar nan tana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wato ba a fitar da ita sai da takardar izini, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin dabbobin da suka kusa shiga barazana. Ilimin da ya rage su a daji ba shi ne zan ɗauka abin koyi ba. Wanda ke hayayyafa su a gida yana rage kamun na daji, saboda haka bai kamata a kashe wa yaron nan gwiwa ba, a dai nuna masa lokacin da ya dace.

Dattijo daga Idi-Araba: Hajiya, mafarauci ba shi ke da jirgin sama ba. Masu saye a waje su suka buɗe kasuwar. Kuma a garin Wida, a cikin Benin ɗin nan, akwai ɗakin bauta da ake girmama wannan mesar, ba mai taɓa ta da mugunta, haka ma wasu garuruwan Ibo irin na yankin Idemili a Anambra. Kada a shafa wa mutanen yankin baƙin fenti baki ɗaya.

Hajiya mai kiwo daga Ikorodu: Ban zargi mutanen yankin ba, na yi magana ne kan sana'a guda.

Wani matashi daga Ijora: Idan shekaru na da muhimmanci, yaya aka yi a gidan namun daji na St. Louis a Amurka, a shekarar 2020, wata mai shekara kusan 62 ta saka ƙwai bakwai, alhali ta fi shekara 15 ba ta haɗu da namiji ba? Wannan ya nuna mesa ba ta bin lissafin shekaru.

Likitan dabbobi daga Obalende: Labarin gaskiya ne, amma tsohuwa yake magana a kai, mu kuwa ƙarama muke tattaunawa. Abin da za a ɗauka daga ciki ma ya saɓa wa gaggawa, domin dabbar da ke rayuwa shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula da ita ba ta rasa komai don an jira ta shekara guda.

Abokin mai ƙorafi, daga Mile 12: Kowa yana cewa a jira domin ba kuɗinsa ke tafiya a ɓera ba. Kuma mu faɗi gaskiya, wanda ya hana namijin nan sananne ne a wurin wasu manyan zauren nan, shi ya sa ake kare shi. Da wani baƙo ne ya hana, da tuni an ce rowa ce.

Dattijo daga Idi-Araba: Yaro, ka kiyaye harshenka. Namiji yana isa barbara tun yana giram 600 ko 800, a shekara ɗaya da rabi ma ya isa, kuma bai yin asarar komai. Mai namiji riba zai ci idan ya bayar. Tunda ya ƙi, tausayin macen ne ya hana shi.

Mai kula da zaure: Jama'a, muhawara ta yi tsawo, bari in taƙaita. Abin da aka cimma shi ne macijiyar ɗan'uwanmu na Agege mai kitse ce, kamar yadda Baba na Idi-Araba ya gane tun daga kalmar farko, kuma gogewar dattawa ta fi sikeli. Likita ya tabbatar da cewa sai mace ta cika shekara uku. Maganar mafarauta da Hajiya ta kawo ba ta shafi batun ba. Wanda ya hana namijinsa ya yi daidai, kuma ya dace a ba shi haƙuri.

Hajiya mai kiwo daga Ikorodu: Malam mai kula da zaure, wannan taƙaitawa ba ta yi adalci ba. A zauren nan babu wanda ya ga macijiyar sai mutum biyu, saboda haka ba a tabbatar da cewa mai kitse ce ba, kuma likita ya rubuta ƙarara cewa shekara uku ba doka ba ce.

Likitan dabbobi daga Obalende: Haka ne, Hajiya. Malam na Agege, ga abin da nake ba ka shawara. Ka mayar da ciyarwa duk kwana 10 zuwa 14, ka riƙa auna ta bayan ta yi kashi, ka ga ko nauyin zai tsaya a inda yake. Idan hunturu mai zuwa ya kama, ka kai ta a duba cikinta da na'urar hoto, domin ƙwayayen da ke girma a ciki ana ganinsu, kuma sukan wuce milimita 40 kafin su sauko cikin bututun ƙwai. Bayan saukowar takan yi saɓa cikin kamar mako uku, ta saka ƙwai wajen kwana 30 bayan saɓar. Kafin nan ka tanadi inda za ka ajiye ƙwan a zafin digiri 31 zuwa 32 na tsawon wata biyu, ko an ɗauke wuta.

Mai kiwo daga Agege: Likita, na ji batun na'urar hoto kuma zan bincika. Amma haƙurin da mai kula da zaure ya ce in bayar ba zan bayar ba, domin har yanzu babu wanda ya nuna mini inda aka rubuta cewa giram 1,620 bai kai giram 1,500 ba. Ina neman mai namiji a Agege ko Ketu da zai yarda mu yi magana kan rabon 'ya'ya tun yanzu.