Wai mi duniya take ci, kuma mu hatsi ya ishe mu?

Abdu Garin Malam

Salamu alaikum jama'a, tambaya gare ni ga masu ilmin noma da kuma manyanmu. Na ji an ce mutanen duniya sun wuce miliyar 8 tun 2022, to wai mi ake nomawa da ke ciyar da wannan jama'a kullum? Mu nan Damagaram mun taso da hatsi wato gero, koko da safe fura da rana tuwo da dare, amma yanzu in ka shiga kasuwar Dole buhunan shinkafa ne jibge har sama, kuma in ka duba jikin buhun za ka ga Indiya ko Tailan ko Pakistan, ga katan katan na taliya, ƙannena ma in an yi tuwo sai an yi ta fama da su kafin su ci. Shin hatsin nan abincin talauci ne da duniya ta wuce shi ko kuwa mu ne muke sakaci da abinmu? Abin yana damuna wallahi.

Mushe Sani

Wa alaikumus salam ƙanena. Abinci ukku ne ke riƙe da duniya, shinkafa da alkama da masara, su kaɗai suna ba ɗan adam wajen rabin ƙarfin da yake samu daga abinci. Shinkafa ta mutanen Asiya ce, Sin da Indiya su ne kan gaba wajen nomanta kuma kusan rabin mutanen duniya ita ce tuwonsu. Alkama ta Turawa da Larabawa da arewacin Indiya da arewacin Sin, burodi da taliya da kuskus duk ita ce, Rasha ta fi kowa fitar da ita waje. Masara kuma ta fi duka yawa a gona, ana samun fiye da tan miliyar 1 a shekara, Amurka ce ta farko, amma fa mafi yawanta ba baki take shiga ba, kaji da shanu da aladu ke ci sauran a yi man mota da ita. Inda mutane ke cinta sosai shi ne Meziko inda aka fara nomanta shekaru wajen 9000 da suka wuce, da gabashi da kudancin Afirka kamar Kenya da Zambiya da Malawi.

Bayan waɗannan akwai masu saiwa. Rogo daga Kudancin Amurka Turawan Fotugal suka kawo shi, yau Najeriya ta fi kowace ƙasa nomansa, garin rogon da muke jiƙawa da ƙuli ke nan. Doya ma Najeriya ce. Dankalin turawa asalinsa duwatsun Feru. Habasha suna da tef da suke yin injera da shi.

Hatsi kuwa namu ne tun asali, masu binciken ƙasa sun samu tsoffin ƙwayoyinsa a kwarin Tilemsi na Mali masu shekara wajen 4500, daga nan Sahel ya tafi har Indiya, yau Indiya ce ta farko a nomansa mu Nijar muna cikin na gaba gaba. Kuma Indiyar da ke sayar mana da shinkafa ita ce ta kai magana Majalisar Ɗinkin Duniya aka mai da 2023 shekarar gero da danginsa. Ba abincin baya ba ne sam, ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe da ke gyara jini, kuma wace shuka ce za ta yi a jigawar Tanut da ɗan ruwan da ake samu can in ba shi ba? Shinkafa ruwa take so kwance, shi ya sa tamu ta gida take bakin kogin Kwara wajen Tilaberi, kuma ba ta isar ƙasa.

Hajiya ta Zango

Mushe sannu da ƙoƙari, duk abin da ka faɗa haka ne amma ka bar babbar magana, ku maza ba ku shiga madafa shi ya sa. Ɗana Abdu ba raina hatsi aka yi ba, aikinsa ne ya fi ƙarfin matan yanzu. Tiya guda ta hatsi kafin ta zama tuwo sai an surfa a turmi, a sheƙe dusa, a wanke a rege tsakuwa, a shanya ya sha iska, a aika yaro inji ya yi layi, in ba wuta a jira, a dawo a tankaɗe, a yi talge a ruɗe a tuƙa, ga miya daban. Fura kuwa bayan duk wannan sai an ƙulla an dafa an kirɓa an cura sannan a nemo nono a dama. Mace mai zuwa aiki ko mai sana'a a kasuwa ta dawo da azahar yara sun taso daga lakwal da yunwa, mi za ta ɗora? Shinkafa mana, ta wanke ta zuba, kafin ta gama sallah ta nuna, mai da yaji da ɗan wake an wuce wurin. Ga itace da gawayi sun yi tsada, tuwo na cin wuta.

Sannan wani abu da ba a faɗa, garin hatsi ba ya ajiyuwa, kwana kaɗan zai fara ɗaci da wani wari saboda man da ke cikinsa, musamman da zafin bazara. Buhun shinkafa kuwa ka jingine shi wata da watanni ba abin da zai same shi. To wa zai ga laifin uwar gida? Ni ina son hatsi har raina, mai jego ba abin da ke tada ta kamar kunun kanwa, mai azumi ma kunu yake nema ya sha ruwa, amma in ana so ya dawo tukunyar birni sai an sauƙaƙa ma mata shi.

Alhaji mai awo

Hajiya ta faɗi gaskiya, ni a rumfa nake ina gani, mai albashi buhun shinkafa yake fara saya ƙarshen wata. Amma ku tuna 2023. A watan Yuli Indiya ta hana fitar da farar shinkafarta wadda ba basmati ba, kuma ita kaɗai ke da wajen kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe, a ƙarshen watan nan kuma aka yi juyin mulki a Yamai CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi aka rufe iyakar Benin da ta Najeriya, kayan da ke zuwa ta Kwatano suka tsaya. Buhu ya yi ta hawa muna kallo, mutum ya zo da kuɗin da ya saba ya tsaya yana juya su a hannu ya koma ya auni tiya biyu ta hatsi. Kafin nan 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya taɓa alkama, fulawa ta tashi masu burodi da masu fanke suka ji a jikinsu. Mu ba mu da teku, duk abin da ya taso daga nesa sai ya bi ƙasar wani kafin ya iso mu, wannan shi ke ba ni tsoro da shinkafa.

Manomi daga Mirya

Ina gaida manya. Ni abin da zan ƙara, hatsin ma fa ba kullum yake isa ba kada mu yaudari kanmu. Iyayenmu suna ba da labarin yunwar El Buhari ta 1984, mu kuma mun ga ta 2005 bayan fara ta ci gonaki damina ta yanke da wuri. Gona ta ƙanƙance don gado, ƙasa ta gaji, ga ƙuduji ga tsutsar da ke cin zangarniya. Kuma ciwon da ya fi ci mini rai, da kaka manomi ya sayar da dami da arha don bashi da biki da magani, ɗan kasuwa ya zuba a magaza, watan shuka ya zo rumbu ya ƙare ka koma ka sayi hatsinka da tsada lokacin da kake buƙatar ƙarfin riƙe hauya. OPVN, hukumar gwamnati mai kula da rumbun abincin ƙasa, na fitar da na rahusa amma ba ya kai ma kowa.

Abin da na ga yana aiki da idona shi ne sassaben zamani. A Mirya da Magarya da Matamaye mutane sun daina tumɓuke tohon itace, ana barin gawo ya girma cikin gona, shi da damina yake zubar da ganye ba ya yi ma shuka inuwa, da rani dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su bar taki, je ka duba zangarniyar gindin gawo ka gwada da ta fili za ka ga bambanci. Sai iri mai saurin nuna irin geron HKP na INRAN cibiyar binciken noma ta Nijar, da Chakti na ICRISAT cibiyar binciken noma ta duniya da aka fitar a 2018 mai yawan sinadarin ƙarfe. A haɗa da wake a tsakanin kunya.

Abdu Garin Malam

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Inna Hajiya to ya za a yi da maganar garin da ke ɗaci, akwai dabara?

Hajiya ta Zango

Akwai ɗana. Kada a niƙa da yawa, a surfa a wanke a shanya ya bushe ƙarau a ajiye shi tsaba, ana ɗiba ana kai inji na kwana biyu ukku. Kuma akwai ƙungiyoyin mata da ke murza garin su turara su busar su ɗaure a leda, na dambu da na dagge da na kunu, wannan yana daɗewa kuma ba ya cin lokaci a wuta, ka tambaya a butik za ka samu. Ka saya ma mamarku ta yi ma ƙannenka dambu da zogale da ƙuli da ɗan mai, ka ga in za su bar shi a kwano.