Kunu tukuna ko wa'azi tukuna?

Maman Tagwaye:
Salama gare ku. Duk Alhamis mu 'yan Zumuntar Mata mukan kai kunun gyaɗa da sabulu asibitin garinmu. Makon jiya na tarar da wata tsohuwa a ɗakin mata, ta karye a ƙugu, ba mai jinya. Na ba ta kunu a baki, na wanke mata zane, na fito. A hanya shugabarmu ta ce rabin aiki na yi, tunda ban ambaci sunan Yesu ba. Ni kuwa nauyi na ji. Baiwar Allah tana kwance da carbinta a hannu, yunwa na cinta, cokalina a bakinta, sai in soma wa'azi? Gani na yi kamar ciniki ne. Na yi kuskure?

Dattijo daga Kagoro:
'Yata, kwantar da hankalinki. Buɗe Luka 17. Kutare goma Ubangiji ya warkar, ɗaya tak ya dawo godiya, bai kuwa mayar wa taran da kuturtarsu ba. A Matiyu 25 ma, abinci da ruwa da tufa da gaishe da mara lafiya aka lissafa. Wanda ya ji wa'azinki don kada ki janye kofi, kunun yake saurara, ba ke ba.

Ɗan Mai Bishara:
Baba, a gafarce ni, ban yarda duka ba. Sabulu kowace ƙungiya tana rabawa. Romawa 10:14 na tambaya yaya za su ji in ba mai wa'azi. 'Yan mishan Gowans da Kent da suka sauka Legas tare da Bingham a 1893 ba su kai ƙarshen 1894 da rai ba, kuma ba rabon kunu ya kawo su ba. Likita Miller, ɗan mishan na Wusasa, magani yake bayarwa, amma bai huta ba sai da Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Tsorona kada "nauyi" ya zama mana maɓoya. Mun iya fakewa da kunya, mu mutanen Arewa.

'Yar Madawa:
Daga Nijar nake. Na yi jinyar babana wata guda a asibitin Galmi, wanda mishan ta buɗe tun 1950. Kusan duk majinyatan Musulmi ne, kowa ya san asibitin Kirista ne, ban kuma ga an hana wani magani don addininsa ba. Abin da na lura, hirar bangaskiya takan taso ne da dare, in mutum ya sake da ke, shi da kansa ya tambaya. Shi ne na 1 Bitrus 3:15, ki zauna da amsa a shirye. Yaya, laifinki ɗaya in kin yi zuwa guda kin ɓace.

Maman Tagwaye:
Na gode muku. Na koma jiya da tuwo. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, ke 'yar wace ce?" Na faɗa mata sunan ikilisiyarmu. Ta yi shiru, can ta ce Alhamis in zo da man zafi.